Abin Da Malam Lado Ya Gani

Malam Lado ya sa almakashi a bakin alawayyo zai tsaga ke nan sai wani ya tsaya ya tare masa hasken rumfa. Bai ɗaga kai ba sai da ya kai ƙarshen yadin, domin farin ƙyalle ba ya ɓoye karkatar hannu. Da ya ɗaga, sai ya ga babbar riga ruwan toka mai aiki har ciki, da hula a karkace, da fuskar Alhaji Ɗanliti a tsakaninsu tana murmushi.

"Salamu alaikum, Malam Lado. Allah ya ba da kasuwa."

"Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, kai ne da kanka cikin wannan rana? Bismilla, ga benci."

Alhaji ya tattare riga ya zauna. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, aka ce masa lokacinsa ne. Ya tambayi Dije, matar Malam Lado, da ciwon ƙafarta. Sannan ya bi 'ya'yan gidan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da wanda ke koyarwa a Dutsin-Ma da makarantar da yake. Malam Lado yana amsawa yana naɗe yadi, yana kuma lura da cewa bai taɓa gaya wa mutumin nan sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Shekara bakwai ke nan da soja suka koma bariki. Wasu dai sun koma, wasu kuwa gida kawai suka shiga suka sake tufafi. Alhaji Ɗanliti yana cikin na biyun. A da Manjo ake ce masa. Yanzu ya je Makka sau biyu, ya sa wa masallacin Ƙofar Sauri fankoki, ya sayo wa unguwa motar ɗaukar gawa da sunansa a jikinta hagu da dama, ta yadda ba mai tafiya maƙabarta bai yi masa talla ba. Ana cewa baɗi zai nemi kujerar majalisa.

Shi kuwa Malam Lado yadi yake sayarwa a Babbar Kasuwa, amma ba da yadi aka san shi ba. Shekara talatin da ɗaya shi ke wanke mazan Ƙofar Sauri idan sun rasu, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi. Ba a biyansa, ba ya kuma so a biya shi. Yakan ce wannan ce gonarsa ta lahira, tunda ta duniya bai gada ba.

"Na ji an ce lauyar nan, ɗiyar Bitrus, ta aiko maka," in ji Alhaji bayan gaisuwa ta ƙare.

"Ta aiko."

"Kan maganar Babaji direba, Allah ya jiƙansa."

"Amin."

"Yau take son ka?"

"Ta ce kafin ƙarfe huɗu. Gobe da asuba za ta Abuja."

Alhaji ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba labarin farashin gero. "Ka san kotun da suke ta wannan hanƙoro a kanta? A Abuja take, amma ba tamu ba ce, ta ƙasashen Afirka ta Yamma ce. Ba ta da kurkuku. Ba ta da ɗan sanda ko ɗaya, sai mai gadin ƙofa. Gwamnati ake kai mata ƙara, ba mutum ba. Ko akuya ce ta ci maka dawa, kotun nan ba ta da igiyar ɗaure ta."

"To ai shi ke nan, ranka ya daɗe. Babu abin damuwa."

"Ni ba kaina nake ji ba, Malam, kai nake ji." Ya matso da benci kaɗan, ya sassauta murya. "Uba ya mutu, ɗan cikinsa ya fita daga ɗaki, kai ka shiga. Me ya sa? An san bakinka. Ba a taɓa jin Malam Lado ya ce wane yana da kaza a jikinsa ba. To ranar da aka ji ka zauna gaban lauya, mace kuma, ka kwance abin da ka gani a jikin Musulmi, aka buga shi a takarda, wa zai ƙara ba ka gawarsa? Ni kaina zan ji nauyin a kira ka idan tawa ta zo."

"Allah ya ja kwana."

"Amin. Shawara ce ta ɗan'uwa." Ya miƙe, ya kakkaɓe riga. "A gai da Dije. A ce mata ta rage gishiri."

Malam Lado ya bi shi da kallo har ya ɓace a layin 'yan yadi. Gaskiya mutumin ya faɗa, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Abu ɗaya ne bai gane ba. Idan kotun ba ta iya ɗaure akuya, me ya sa Alhaji ya bar motarsa mai sanyi a bakin kasuwa ya tako da ƙafa cikin ranar bazara?

Shekara tara da suka wuce, Babaji yana tuƙa babbar mota tsakanin Katsina da Maraɗi, shi ne kuma sakataren direbobin tasharsu. Da abin da ake yi musu a shingen soja ya ishe su, shi ya tsaya gaba suka jera motoci suka toshe hanya wuni guda. Aka zo aka tafi da shi. Bayan kwana goma sha ɗaya aka dawo da shi a bayan mota, naɗe cikin bargo, da takardar likita mai cewa zazzaɓi ne. Manjo Ɗanliti ya tsaya a ƙofar zaure ya ce a rufe shi kafin rana ta ɗaga, kuma ba mai shiga sai mai wanka. Malam Lado ya shiga tare da wani tsoho da ya zuba masa ruwa. Tsohon ya rasu shekara huɗu ke nan, shi ma Malam Lado ne ya wanke shi.

Ya rufe rumfa da wuri ya koma unguwa ya yi Azahar. Bayan an sallame, ya jira jama'a suka ragu, ya matsa kusa da liman ya ce yana da tambaya. Bai faɗi suna ba, liman kuma bai nema ba, alamar ya sani.

"Malamai sun ce wanda ya wanke mamaci ya rufa masa asiri, Allah zai gafarta masa," in ji liman.

"Haka babana ya koya mini."

"Sannan kuma Allah ya hana ɓoye shaida."

"To wanne zan ɗauka, Allah ya gafarta malam?"

"Ai duka biyun gaskiya ne." Liman ya ɗaga ido ya dubi fankar da ke juyawa bisa kansu, ya daɗe yana dubanta. "Mas'ala ce mai zurfi. Ka ba ni mako guda in duba littattafai."

"Zuwa ƙarfe huɗu ake so."

"To Allah shi ne masani."

Ɗan kabu-kabu ya sauke shi a Ƙofar Ƙaura biyu da rabi ta gota. Ofishin Barista Peace Bitrus ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani. A Katsina aka haife ta. Mahaifinta malamin makaranta ne daga kudancin Kaduna, ya yi shekara ashirin yana haya a bayan gidan Malam Lado, saboda haka Hausarta ta fi ta wasu masu taƙama da ganuwa. Babu wuta, an buɗe taga, tafireta tana kan tebur. A kujerar gefe Furera ce zaune, matar marigayi Babaji, ta bar kaskon wainarta ta zo tun hantsi.

Barista ta miƙe ta rusuna. "Baba, sannu da zuwa. Na fara cire rai."

"Ɗiyata, ban ce na zo in yi magana ba. Na zo in ji." Ya zauna, ya gai da Furera yana kallon siminti. "Tambaya ɗaya. In na faɗa, za a ɗaure shi?"

"A'a, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"Za a kira shi ya tsaya gaban alƙali?"

"A'a. Kotun nan gwamnati take tuhuma. Abin da za ta iya shi ne ta ce an tsare Babaji ba bisa doka ba, an azabtar da shi, ya mutu a hannun hukuma, a biya iyalinsa diyya, a yi bincike. Kama mutum ba ya cikin ikonta."

"Kotunanmu na gida fa?"

"Sau uku muna kai takarda wurin masu bincike. Sau uku tana ɓata. Ta ƙarshe har an ba ni rasit na ɓatanta."

"Ashe dai Alhaji ya fi ki sanin aikinki. Haka ya gaya mini ɗazu, har da akuya."

Barista ta ajiye biro. "Ya zo wurinka?"

"Ya zo gaisuwa."

Ta dubi Furera, ta dubi agogon hannunta. "Baba, ga abin da ya kawo shi. Ana ta magana a ƙara wa irin waɗannan kotuna iko, su riƙa gurfanar da mutum shi da kansa idan laifin irin wanda ƙasa ba ta son hukunta nata ne. Azabtarwa, kisan gilla, ɓatar da mutane. Mu lauyoyi mun rubuta, mun sake rubutawa. An yi taro."

"Aka ce me?"

"Aka ci abinci, aka ɗauki hoto, aka sa ranar wani taron."

"Wa zai ba ta ikon?"

"Shugabannin ƙasashen."

"Su da wasunsu jiya suka tuɓe kaki?"

"Su ɗin."

Malam Lado ya yi ɗan murmushi, na farko a ranar. "Wato kura ake roƙo ta saƙa wa kanta takunkumi."

"Kusan haka. Amma in an wayi gari ta saƙa, ko bayan shekara ashirin ne, ba kabari za a tona ba, takarda za a nema. Alhaji ya san haka. Yanzu kuwa gwamnati za ta zo da takardar likita mai cewa zazzaɓi. Mu ba mu da hoto, ba mu da likita. Kai kaɗai ne mai rai da ya ga jikinsa. In babu bakinka, babu abin da zan kai Abuja."

"In kuma da bakina, ni babu abin da zan komar Ƙofar Sauri. Kin san abin da ake cewa da mai wanka mai surutu? Ke kin tashi a bayan gidana. Kin taɓa jin ko Dije na ba labarin gawa?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"To in zubar da shekara talatin da ɗaya, a kan kotun da ba ta da igiya."

Ya dafa gwiwa zai tashi. Sai Furera ta yi magana, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Malam, ni ban san kotu ba, kuma in diyya ce, su riƙe abinsu. Shekara tara ina gaishe ka a hanya, kana amsawa kana kallon ƙasa. Na san mai zazzaɓi. Uwata da shi ta tafi, an bar mu mun zauna a kanta mun yi mata addu'a. Shi ko yatsarsa ba a bar ni na gani ba. Ɗanmu Sadiq ya shiga shekara sha shida. Ran nan ya dawo ya ce wani direba ya ce masa ubansa namiji ne, ya tambaye ni me ake nufi, na ce masa ya ci tuwonsa." Ta gyara mayafi. "Asirin wa kake rufawa, Malam? In na Babaji ne, ni ce matarsa, na ɗauke maka."

"Ba a ɗauke wa mutum irin wannan, Furera."

"To ka ci gaba da riƙe wa mai shi."

A ƙasa mai kantin magani yana musu da wani kan maganin tari. Agogon bango, wanda wani banki ya raba da sunansa a jiki, ya nuna uku saura minti biyar.

"Akwai buta?" in ji Malam Lado.

Ya fita baranda ya yi alwala a tsanake, kamar yadda yake yi kafin ya shiga ɗakin gawa. Ya dawo ya naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu, bai ma san ya naɗe ba, ya zauna.

"Rubuta. Amma kada ki tare ni da tambaya. Ni ban iya shi ba sai yadda na yi shi."

"Baba, a fara da ranar da abin ya faru, da sunanka, da..."

"Da hannu ake farawa."

Ta ɗauki biro.

Ya fara da hannun dama. Ya ce wuyan hannun igiya ta ci shi ta zagaye, ta nutse har ana ganin fari. Farce uku babu, na babban yatsa da biyu na kusa da shi. Na hagu haka, sai dai farce ɗaya. Ya ce da ya zo shafar kai, ƙeyar ta lotsa a ƙarƙashin tafinsa, ya janye hannu ya sa auduga. Ya ce da suka juya shi don wanke gefen dama, haƙarƙarin ya motsa kamar ƙirare a buhu. A baya kuwa akwai shaidar dutsen guga guda huɗu, kowace da tsininta ya dubi sama, kamar wanda ya yi aikin ya tsaya ya daidaita. Ya bi gefen hagu, ya sauka cinya, ya sauka tafin ƙafa, waɗanda ya ce sun tsage kamar ƙasar fadama da rani. Yana magana hannayensa suna tafiya a iska, daga dama zuwa hagu, daga sama zuwa ƙasa. Ya ce sau uku ake zuba ruwa, shi ya zuba sau bakwai da magarya, ruwan bai daina fita da ja ba, ya haƙura ya sa kafur.

"Wa ke wurin?" Barista ta tambaya a hankali, da ta ga ya tsaya.

"Ni da marigayi mai zuba ruwa. A bakin ƙofa kuwa Manjo Ɗanliti. Sau biyu yana leƙowa. Ya ce, Malam, a gaggauta, rana tana yi."

Furera ba ta yi kuka ba. Ta riƙe bakin mayafinta tana murzawa. Can ta ce, "Fuskarsa fa?"

"Fuskarsa lafiya lau. Kamar mai barci."

Wannan ce kaɗai ƙaryar da ya yi a ranar. Barista ta dube shi, ta ɗaga biro daga takarda, ba ta rubuta ba.

Ta buga shi da Turanci a tafireta, shafi biyu, yatsunta suna gudu. Ta karanta masa da Hausa, ya gyara mata wuri ɗaya inda ta sa hagu a maimakon dama. Uku da rabi suka sauko su uku, Furera ta ce ita ta ji abin da ta zo ji, ta kama hanyar gida. Su biyun suka shiga tsohuwar motar Barista suka nufi kotu, inda za a yi rantsuwa a buga hatimi.

Ofishin rantsuwa cike yake, kamar kullum a ƙarshen lokaci. Samari masu neman aiki sun zo a rage musu shekaru, 'yan kabu-kabu sun zo rantsuwar ɓatan takardun babur, ga wasu 'yan jam'iyya uku da manyan riguna sun zo su rantse cewa sun gama sakandare. Magatakardan da ke bayan kanta mutum ne da ya yi shekara goma sha biyar yana buga hatimi bai karanta komai ba, kuma wannan ne ya sa ake ƙaunarsa. Ya karɓi takardar Barista, ya ɗaga hatimi. Sai idonsa ya faɗa kan wani suna a shafi na biyu. Hatimin ya tsaya a sama, sannan ya koma mazauninsa.

"Barista, Baba yana karanta boko?"

"A'a, da ajami zai sa hannu. Na riga na karanta masa da Hausa."

"Doka ta ce a gabana za a karanta masa, da harshen da yake ji, in tabbatar ya gane."

"Tun yaushe, malam?"

"Tun Turawa." Dokar dai tana nan, gaskiya ne. Ta yi shekaru tana barci a aljihun teburinsa, yau ta farka saboda ba ya son ranar da za a tambaye shi ya ce bai bi ƙa'ida ba.

"To mu shiga ofishin ciki."

"Makulli yana wurin oga, oga ya tafi ta'aziyya."

"A fitar da mutane na minti biyar."

"Mu da muke nan tun sha biyu?" in ji wani daga cikin masu rage shekaru. "Haba, Hajiya."

Huɗu saura minti goma sha biyu. Barista ta juyo ta rage murya. "Baba, ban san za a yi haka ba, wallahi. Mu bari. Zan fasa tafiyar gobe, mu dawo da safe kafin a taru."

Malam Lado ya dubi ɗakin. Ya gane fuska biyu 'yan Ƙofar Sauri, ɗaya ma shi ya wanke ubansa. Ya san kansa kuma. In ya kwana da maganar nan, da asuba wani zai zo gaisuwa, bayansa wani, kuma ba zai sake hawa matakalar nan ba.

"Karanta," ya ce wa magatakarda.

Magatakarda ya gyara tabarau. Mutum ne mai murya, irin wanda ake ba sanarwa a wurin ɗaurin aure, kuma bai iya rage ta ba.

"Ni, Lado, namiji, Musulmi, mai sayar da yadi, mazaunin Ƙofar Sauri cikin birnin Katsina, na rantse na ce. Ɗaya, cewa ni ne mai wankan gawa na unguwarmu. Haka ne, Baba?"

"Haka ne."

Har zuwa sakin layi na uku ana ta hayaniya. A na huɗu, inda aka zo wuyan hannu, hayaniyar ta fara mutuwa daga gaba zuwa baya. A wurin dutsen guga wani ya ce innalillahi a hankali. Magatakarda kansa ya ɗan tsaya, amma ya riga ya hau, babu wurin sauka. Bayan kowane sakin layi yana tambaya, haka ne, Baba, Malam Lado yana cewa haka ne, yana tsaye da hannayensa a baya. Da aka zo sunan wanda ya tsaya a bakin ƙofa, magatakarda ya yi ƙoƙarin haɗiye shi, sai dai ɗakin ya yi tsit ta yadda ko raɗa ce za a ji. Ɗaya daga cikin masu manyan riguna ya zaro wayar salula ya fita. Bayansa wani ya bi.

Malam Lado ya karɓi biro ya rubuta sunansa daga dama zuwa hagu. Hatimi ya sauka sau biyu. Duka abin bai kai minti tara ba.

A waje, ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, Barista ta rungume takardar a ƙirji kamar za a ƙwace. "Baba, ka yafe mini."

"Ke me kika yi? Yaushe za a ji?"

"Wata shida. Ko shekara. Wani lokaci ya fi."

"Igiyar fa?"

"Ban sani ba, Baba. Ƙila 'ya'yanmu su gani."

"To ki ajiye takardar inda ba ta ɓata. Ki gai da Malam Bitrus in kun yi waya."

Ya ƙi ta kai shi gida. Ya yi La'asar a wani masallaci kusa da kotu inda ba wanda ya san shi, ya zauna ya ja carbi fiye da yadda ya saba. Sai da rana ta yi sanyi ya tari ɗan kabu-kabu.

Tun daga bakin lungu ya hango tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gidan Alhaji Garba mai goro, maza zaune jere, wasu suna alwala a bakin kwata. Ya sauka ya wuce gidansa tukuna. Dije tana tsaye a zaure, abin da ba ta yi.

"Alhaji Garba ne," ta ce. "Ana idar da La'asar."

"Allah ya jiƙansa. Wa ya zo nemana?"

Ta dubi ƙafarta mai ciwo. "Ba wanda ya zo."

A Ƙofar Sauri, idan namiji ya cika, kafin a aika wa 'yan'uwa na nesa, kafin a aika wa masu haƙa, gidan Malam Lado ake fara bugawa. In ba ya nan a bi shi kasuwa, in ba ya kasuwa a jira shi. An taɓa jiransa ya dawo daga Funtuwa.

Ya tafi gidan rasuwar. Babban ɗan marigayin ya taso ya karɓi hannunsa da hannu biyu, ya amsa ta'aziyya, ya tambayi gajiya, ya tambayi Dije, duk yana kallon kafaɗar Malam Lado.

"Mun ji an ce kana da uzuri a gari, Malam. Ga zafi, ga yamma. Sai muka ce kada a wahalar da kai."

"Kun kyauta. Allah ya ba da haƙuri."

Daga zaure wani matashin malamin Islamiyya ya fito, hannun rigarsa jiƙe har kafaɗa, yana share gumi. Bayansa aka fito da makara aka ajiye a gaban jama'a. Aka tashi aka ja sahu. Malam Lado, wanda ya saba tsayawa bayan liman, ya sami wuri a sahu na uku.

Daga nan yana hango likkafanin. An ɗaure wajen kai da ƙulli biyu, an ja shi tamau, wanda zai ba masu saukarwa wahala a cikin kabari. Gefen dama kuma ya jiƙe, ba a tsane jikin ba kafin a naɗe. Kalma uku za su gyara na farkon, tun kafin a ɗaga.

Mutumin da ke damansa, wani tela da suka yi shekara ashirin suna salla tare, ya matso da kafaɗa kamar mai daidaita sahu, ya kawo baki kusa da kunnensa.

"Malam, wai da gaske har da dutsen guga?"

Malam Lado bai juya ba. Idonsa yana kan ƙullin. Liman ya ɗaga hannu ya yi kabbara, shi ma ya ɗaga nasa.